Kafin ka soka tsinke a bayan rauta

Kana tsaka da cike fom ɗin JAMB, ko kwastoma na tsaye yana jiran ka tura masa kuɗi, sai intanet ya ɗauke ɗif. Alamar Wi-Fi na nan cike a wayarka, amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Abin da yawancin matasa ke yi, daga Lambara har Bodinga, shi ne su nemo tsinke su soka a ɗan ramin risetin da ke bayan rauta. Don Allah ka daina.

Cikar alamar Wi-Fi na nufin wayarka da rauta suna jin juna, shi ke nan. Ba ta ce maka komai game da turken sabis ba. Risetin kuwa goge sunan Wi-Fi da lambar sirrinka zai yi, wani lokaci har da saitin APN da layin ke hawa intanet da shi. Ka ga matsala ɗaya ta zama biyu, ga kuɗin mai gyara.

Fara kashe ta, ka ba ta minti ɗaya, ka kunna. Taɓa jikinta: zafin Afrilu a Sakkwato yakan wuce digiri 40, rautar da aka bari ƙarƙashin kwano kuwa takan sume. Idan wutar da ke shigarta ta yi rauni, fitila za ta kama amma aiki ya gagara.

Sai ka cire sim ɗin ka sa a waya, ka danna *323# ka ga ko data ce ta ƙare. Wallahi sau da yawa ita ce, musamman in ƙannenka sun san lambar sirri suna ta TikTok. Duba kuma ko an rufe layin saboda NIN.

Wani lokacin ma laifin ya fi ƙarfin ɗakinka. A Satumban 2021 an katse sabis a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, har bankuna suka ji a jikinsu. Wane tsinke ne zai gyara wannan?

Tambayi maƙwabci mai irin layinka. In shi ma babu, kira kamfanin a 300. In sun yi ta ja maka rai, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622, kuma kiran kyauta ne.