Zauren Iyali: Akurki kafin kaza



Duk iyalin da Allah ya nufa da tarewa a sabon gida, ko a Sokode ko a Dapaong, da wuya a yi wata guda uwargida ba ta ɗaga maganar kaji ba. Tana da gaskiya. Kaza ita ce asusun gida: ita ce ta baƙo, ita ce ta mai jego, ita ce kuɗin littafin yaro ranar da aljihu ya bushe. Sai dai mun lura da yawanmu da kasuwa muke farawa. Mu sayo kaji, mu sake su a tsakar gida, sa'annan mu fara tunanin inda za su kwana. Shawararmu ita ce a juya tsarin: makwanci tukuna, sai rigakafi, sa'annan kasuwa.

A zaɓi kusurwa mai tudu wadda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya da madafa da wurin salla. A Sokode damina takan ɗauki kusan wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka a ɗaga daɓen akurki, a kuma tabbata rufin ba ya yoyo. A Dapaong kuwa zafin Maris da Afrilu ne abin tsoro. Can inuwa da kafofin iska sun fi komai, kuma rufin ciyawa ya fi kwano sanyi. Ƙofa ta zama wadda mutum zai iya shiga ya share, ta kuma rufu da dare saboda muzuru da maciji da ɓarawo. A riƙa barbaɗa toka a ƙasa, tana rage ƙuma da danshi. Kafin a aza tubali kuma a gaya wa maƙwabci, domin kazar da ta tone shukarsa ko ta ɓata shanyarsa haƙƙi ne a wuyanmu.

Kada a fara da yawa. Kaji mata huɗu ko biyar da zakara ɗaya sun isa, tun da zakara guda yana iya riƙe mata goma. Mun fi son kajin gida ga mai farawa, domin sun saba da yanayinmu, suna neman wani ɓangare na abincinsu da kansu, suna kuma kwanci. Kajin Turawa sun fi saurin girma da yawan ƙwai, amma abincinsu na saye ne kullum. A duba kaza mai kuzari, mai ido garau, wadda ba ta zawo. Wadda aka ƙaro daga baya a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran.

Babban abokin gaba shi ne annobar kaji da likitoci ke kira Niyukasul, sunan wani gari a Ingila inda aka gano ta a shekarun 1920. Takan fi ɓarna da hunturu. Kaza ta yi sanyi, ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wata wuyanta ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama kango. Ba ta da magani, ƙwayoyin da ake jiƙawa a ruwa ba sa kashe ta. Allurar rigakafi ce kawai, a yi ta kafin iskar hunturu ta taso, a maimaita yadda malamin dabbobi ya tsara. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Faransa, wadda yanzu ake kira AVSF, ta horar da masu allurar kaji a ƙauyukan arewacin Togo, kuma ma'aikatan ICAT, hukumar ba manoma shawara, za su nuna wa mai tambaya na kusa da shi. Idan kaji suka mutu da yawa farat ɗaya, kada a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Nijeriya a 2006 da kudancin Togo a 2007, tana iya kama mutum.

Kaza takan ƙyanƙyashe bayan kwana 21. Mafi yawan asarar 'yan tsaki a makonnin farko take, tsakanin shirwa da sanyi da raɓa. A tsare su tare da uwar har wata guda, a ba su tsaki da dusa da gara da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi. Mutanen Dapaong, da yake ƙasarsu ta zabi ce, sukan sa wa kaza ƙwan zabuwa, wanda ke ɗaukar kimanin kwana 28. Amma 'ya'yan zabi ba su da juriya, a bar wannan sai an yi shekara ana kiwon.

A ƙarshe, a ɗora wa yaro ɗaya buɗewa da rufewa, wani kuma ruwa da shara, su wanke hannu da sabulu in sun gama. A ajiye ɗan littafi na ranar allura da yawan ƙwai. Allah ya sa albarka a sabon gida da abin da ke cikinsa.