Kyamarar miliyoyi: nawa za ta yi ranar da aka tashi sayarwa?

Matashin da ya fara ɗaukar hoto da waya, ya ga ana yaba masa a Instagram, yakan kai matakin da zai ce lokaci ya yi da zai sayi kyamara ta gaske. A cikin birnin Kano kuwa aikin ba ya yankewa: kamu, ɗaurin aure, suna, saukar Alƙur'ani, ga kuma Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, musamman tunda UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024. Sai dai da yawa suna lallashin kansu da cewa ko sana'ar ba ta karɓe su ba, za su sayar su mayar da kuɗinsu. Wannan lissafin ne ya kamata a duba da kyau, domin kyamarar dijital ta fi kama da waya fiye da fili.

Misali ɗaya ya isa. Canon 5D Mark III, wadda ta daɗe tana cin kasuwa a hannun masu hoton biki, ta fito a 2012 a kan dala 3,499. Yau ta hannu tana yawo a kan 'yan ɗaruruwan daloli, ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinta ba. Har gobe tana fitar da hoto mai kyau. Abin da ya karya ta shi ne abin da ke karya iPhone a Farm Centre: sabuwa ta fito, ta fi ta gani a duhu, ta fi ta saurin kama fuska. Sannan kamfanonin sun koma kan kyamarori marasa madubi, har shugaban Canon ya bayyana a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce ta ƙarshe a manyan kyamarorinsu masu madubi. Ga kuma ƙidayar ɗauka, wadda dillali ke fara dubawa kamar yadda ake duba tafiyar mota. An ƙera shatar 5D Mark III don ɗauka kusan 150,000, kuma mai bin biki duk ƙarshen mako ba ya daɗewa bai ci rabin wannan ba.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne naira. A 2012 dala tana wajen naira 160, wato kyamarar ta tashi kusan naira 560,000. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Wanda ya sayar da ita a kan dala 500 zai karɓi naira 750,000, ya shiga majalisa yana cewa ya yi shekara goma sha biyu yana mora kuma ya ci riba. To ya ɗauki kuɗin ya je neman sabuwa mai irin matsayinta, a nan zai gane ko kashi ɗaya cikin biyar bai haɗa ba.

A ɗaya ɓangaren akwai labarin da ke yawo a TikTok, cewa tsofaffin kyamarori masu cin fim sun zama zinare. Akwai gaskiya a ciki. Leica M6 ta 1984 ta yi tsada har kamfanin ya sake ƙera ta a 2022 a kan sama da dala 5,000. Contax T2 ta yi tashin gwauron zabi bayan Kendall Jenner ta nuna tata a talabijin a 2017. Pentax ma ta fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Dalilin a fili yake: yawancinsu an daina ƙera su, kullum raguwa suke yi, kuma babu sensa a cikinsu da za ta tsufa.

Amma wannan farashin na Tokyo ne da Landan da New York, inda ake da shagon fim da wurin wanki a kusa. A Kano masu situdiyo sun daɗe da komawa dijital. Fim sai an yi odarsa da dala, ƙwaya ɗaya hoto 36 kacal, sannan a nemi mai wanke shi. Wace amarya ce za ta jira haka, alhali ƙawayenta na son sa hoto a sitatus kafin a watse daga kamu? Kuma ba kowace tsohuwar kyamara ce Leica ba. Wadda aka tsinta a akwatin Baba a Yakasai ko Mandawari, in ƙurar hunturu ta shige ta, ko danshin damina ya sa gilashinta ya yi fumfuna, ta fi amfani a matsayin abin tunawa. Duk da haka a duba sunanta a intanet kafin a miƙa wa ɗan gwangwan, don akan dace.

Inda kuɗi ke ɗan zama a harkar dijital shi ne gilashin gaba, wato lens. Mai kyau yakan ga bayan kyamara biyu ko uku, kuma lens ɗin Canon na tsohon tsari yana hawa sababbin marasa madubi da ƙaramin mahaɗi. Shi ya sa mai farawa zai fi tsira idan ya sayi kyamarar hannu wadda wani ya riga ya sha asararta, ya duba ƙidayar ɗaukarta, ya zuba ragowar kuɗin a lens da fitila da batir. Tambayar da zai yi wa kansa kafin ya biya ita ce biki nawa zai ɗauka kafin kuɗin su dawo. In ya ƙirga ya ga sai ya shekara uku, gara ya ci gaba da wayarsa, ya riƙa hayar kyamara ranar da babban aiki ya faɗo.