Ɗan Fito Ba Shi Da Ikon Zaɓen Kaya

Jama'a, ku dubi ɗan fito a bakin kogi. In ka biya shi kuɗin ƙetare, shin yana da ikon ya kwance kayanka, ya ce na attajiri su wuce, naka su jira har la'asar? Ko kusa. To, kamfanonin da ke sayar mana da intanet su ne 'yan fiton wannan zamani, kuma wajibi ne hukuma ta sa musu linzami.

Kada wani ya ce zato ne kawai. A shekarar 2007 aka kama kamfanin Comcast na Amurka yana rage gudun saƙonnin masu amfani da BitTorrent a ɓoye. A 2015 hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, ta kafa ƙa'idodi uku: kada a toshe, kada a rage gudu, kada a karɓi kuɗi don a fifita wani. Amma a watan Disamba 2017, da shugabanci ya koma hannun Ajit Pai, sai aka soke su. An maido su a 2024, sa'an nan a watan Janairu 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta rushe su, ta ce hukumar ba ta da wannan iko. Abin da ya jawo wannan kwan-gaba-kwan-baya shi ne majalisarsu ba ta mai da abin doka ba. Ƙasar Cile kuwa tun 2010 majalisarta ta yi doka.

Masu kamfanoni suna cewa su suka kashe dukiya wajen shimfiɗa wayoyi. Gaskiya ne, amma ai kuɗinmu suke karɓa kullum. Wanda ya karɓi ladan fito ba ya sake neman lada daga mai jiran kaya a ƙetare.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2016 aka kawo mana Free Basics na Facebook, wanda ke buɗe 'yan shafuffukan da aka zaɓa kyauta. A shekarar nan kuwa Indiya ta hana irinsa, don ta gane mai zaɓa maka abin karatu shi ke riƙe da tunaninka.

Ku da kuka sha wahalar yaƙi da jahilci, kada ku yarda wani ya tsaya tsakaninku da abin karantawa. Ku matsa wa wakilanku su rubuta doka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.