Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Da Me Ake Auna Nisa?

'Yan uwana ɗalibai, wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun ranar da aka ba mu aikin fassara kan wasu tsibirai biyu na tekun Atilantika, wato Sent Helena da Asenshon. Tsakanin filayen jirgin samansu akwai kimanin kilomita 1,300, tafiyar awa biyu ke nan a sama. Na fassara alƙaluman daidai, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin na gaya wa Bahaushe nisan da ke tsakaninsu kuwa?

Da na bincika, sai na tarar a shekarar 2017 ne jirgin fasinja ya fara zirga-zirga zuwa Sent Helena. Kafin nan, sai mutum ya yi kwana biyar a jirgin ruwa daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu. Kuma da aka fara, sau ɗaya a wata jirgin ke wucewa Asenshon. Ashe ga wanda jirgi ya tashi ya bari, nisan ba awa biyu ba ne, wata guda ne cur.

Wannan ya tuna mini da ƙauyenmu Vimtim, kusa da Mubi a jihar Adamawa. Nan ne mahaifar marigayi Alex Badeh, matuƙin jirgin sama da ya zama Babban Hafsan Tsaron Nijeriya a 2014. Duk da haka, mai son hawa jirgin fasinja daga wurinmu sai ya dangana da Yola, kimanin kilomita 200, ta Hong da Gombi da Song da Girei. Awoyin da zai ɓata a mota sun ninka waɗanda jirgi zai yi daga Yola zuwa Abuja. A watan Oktoban 2014 kuwa, da Boko Haram ta mamaye Mubi da Vimtim, mutanenmu da ƙafa suka tsere, wasu suka kwana a daji da kan duwatsu. A ranar babu wanda ya ƙirga kilomita. Ba ruwa kaɗai ke mai da gari tsibiri ba.

Kakanninmu sun riga mu gane wannan. Fatake ba su ce mil kaza ba, sai dai zango kaza, ko tafiyar yini, ko tafiyar kwana uku. Da gajiyar mutum da juriyar jaki suke awo.

Na san wani zai ce kilomita ce ma'aunin ilimi, tunda ba ta canzawa. Haka ne, ban kuma ce a yar da ita ba. Amma mai ɗauke da mara lafiya zuwa asibiti a Yola, so yake ya san yaushe zai isa.

Saboda haka, ra'ayina shi ne duk lokacin da muka rubuta ko muka fassara nisa, mu haɗa da lokacin da tafiyar ke ci da kuma abin hawan. Gobe mu ne a gidajen rediyo da jaridu. Idan muka tsaya kan alƙaluman taswira, za mu sa mahukunta su ɗauka ƙauyukanmu na kusa, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne. Allah ya sa mu dace.