A Daina Kiran Jan Nauyi da Sunan Maganaɗisu

Akwai kalmar da ta zama jakin kowa a rubutun kimiyya na Hausa, ita ce maganaɗisu. Idan mangwaro ya faɗo daga bishiya, a ce maganaɗisun ƙasa ne ya jawo shi. Idan kumbo ya bar duniya, a ce ya kuɓuce wa maganaɗisunta. A rediyo ana jin haka, a jarida ana karantawa, malamin aji ma yakan faɗa ba tare da ɗar ba. Kuskure ne, kuma ya daɗe har ya soma kama da gaskiya.

Abin da ke jawo mangwaro ƙasa jan nauyi ne, wato ƙarfin da ke tsakanin duk abubuwa biyu masu nauyi. Ba ya ture komai, ja kawai yake yi, babu kuma katangar da ke tare shi. Maganaɗisu kuwa yana ja yana turewa, yana da kai biyu, kuma bai damu da dutse ko katako ba. Ƙarfe da 'yan uwansa yake kamawa, sai ƙwayoyin da ke ɗauke da cajin lantarki idan suna tafiya. Duniyar Zahra ta isa hujja: jan nauyinta ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na namu, amma ba ta da filin maganaɗisu na kanta irin na duniya. Mangwaro zai faɗi a can sarai, allurar kamfas ce za ta rasa alƙibla.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da uzurinsu, kuma ba uzurin banza ba ne. Suna cewa harshe yarjejeniya ce, mai sauraro ya gane nufi, kalmar ta riga ta zauna. Haka ne, muddin ana maganar mangwaro. Uzurin yana rushewa ne a ranar da jimla ɗaya ta buƙaci ƙarfin biyu a lokaci guda, kowanne da aikinsa. Wurin da wannan ya fi bayyana shi ne tagwayen taurari.

Kusan rabin taurari masu kama da Rana ba su kaɗai suke ba, suna da abokin da suke zagaya juna da shi. Sirius, tauraron da ya fi kowane haske da dare, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, yana da ɗan ƙaramin aboki da suke kammala zagaye ɗaya a cikin shekara 50. Irin waɗannan masu tazara jan nauyi kaɗai ya isa ya bayyana tafiyarsu. Amma akwai tagwayen da suka matso kusa har suna gama zagaye cikin 'yan sa'o'i. A da yawa daga cikinsu ɗaya farin wada ne, wato gawar tauraro da ta dunƙule zuwa girman duniya alhali nauyinta ya doshi na Rana, ɗayan kuma ƙaramin tauraro ne ja mai rai. Farin wadan yana zuƙo iskar jikin abokinsa.

Wannan iskar ba irin wadda ake shaƙa ba ce. Zafi ya riga ya ɓare ƙwayoyin zarra, ya raba ilaktoron da cibiyarsu, sai abin ya zama taron ƙwayoyi masu caji da ke ɗaukar lantarki. Shi ne filasma, sunan da Irving Langmuir ya raɗa masa a 1928. A 1942 Hannes Alfvén, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa a cikin irin wannan abu layukan maganaɗisu suna manne da iskar kamar zare a jikin tufa: inda iskar ta nufa layin ya bi ta, idan kuma layin ya fi ƙarfi, iskar ce za ta bi shi. An ba shi kyautar Nobel a 1970. Taurari kusan gaba ɗayansu filasma ne, haka ma abin da ke kwarara tsakanin tagwaye.

A nan ne jan nauyi ke gamuwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Iskar da ta baro jan tauraron ba ta faɗawa kai tsaye kan farin wadan, domin ta taho da jarin juyi daga zagayen da take ciki. Sai ta kewaye shi ta zama faifai. Abin da ke zagaye kuwa ba ya faɗuwa, kamar yadda wata bai faɗo kan duniya ba duk da jan da take yi masa. Kafin iskar ta gangara ciki, dole wani abu ya karɓe mata wannan jari ya miƙa shi waje. Gogayyar ƙwayoyi da juna ta yi kaɗan ƙwarai. Da ita za a dogara, da sai an yi miliyoyin shekaru kafin faifan ya zube. Amma tauraron SS Cygni, wanda ake sa wa ido tun 1896, yana yin bori duk bayan mako bakwai zuwa takwas, haskensa ya ninka sau da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, saboda faifansa ya juye kaya a kan farin wadan. Lissafi ya ce miliyoyin shekaru, ido ya ga kwanaki.

A 1973 masanan Rasha biyu, Nikolai Shakura da Rashid Sunyaev, suka yi abin da mai gaskiya ke yi idan ya iske rami a hanya: suka sa masa alama. Suka zuba duk gogayyar da ba a san asalinta ba cikin harafi ɗaya, alfa, suka ci gaba da lissafi. Shekara 18 harafin yana tsaye a matsayin bashi. A 1991 Steven Balbus da John Hawley suka biya shi, da wata dabara da Evgeny Velikhov ya fara hangowa a 1959, Chandrasekhar kuma ya faɗaɗa a 1960, ba tare da an lura da amfaninta ga faifan taurari ba.

Dabarar tana da sauƙin ganewa. A ɗauki dunƙulen iska biyu a cikin faifai, ɗaya ya ɗan fi kusa da tsakiya, layin maganaɗisu ya haɗa su kamar igiyar roba. Na ciki ya fi sauri, domin haka dokar zagaye take, sai ya wuce gaba. Robar ta miƙe, ta ja na ciki baya, ta ja na waje gaba. Na ciki ya yi asarar jarin juyi, ya gangara ƙasa, can kuma gudu ya fi yawa. Na waje ya sami ƙari, ya haura sama inda tafiya ta fi nawa. Tazara ta ƙaru, robar ta ƙara miƙewa, abin ya ci gaba da ciyar da kansa har faifan ya hargitse. Abin mamakin shi ne maganaɗisu mai rauni ne ke yin wannan aiki. Idan ya yi ƙarfi da yawa sai ya riƙe dunƙulen biyu gam, rikicin ya mutu.

To, a gwada faɗin wannan da kalmar da aka saba. Maganaɗisu ya jawo iskar amma ya kasa haɗiye ta, sai da maganaɗisu ya zo ya taimaka. Wane ɗalibi ne zai fita daga wannan jimla da wani abu a kansa? Bincike da ya ci wa Balbus da Hawley kyautar Shaw a 2013 ya koma tatsuniya marar kai, kuma laifin ba na Hausa ba ne, na mai riƙe da alƙalami ne da ya ƙi wahalar neman kalma ta biyu.

Aikin maganaɗisu bai tsaya a faifai ba, har tsawon rayuwar tagwayen yana hannunsa. Jan tauraron yana fitar da iska daga jikinsa kamar yadda Rana ke yi, layukan maganaɗisunsa kuma suna riƙe wannan iska suna juyawa da ita har nesa kafin su sake ta. Duk wanda ya taɓa wurga dutse da majajjawa ya san amfanin doguwar igiya. 'Yar iska kaɗan ce ke fita, amma tana tafiya da jarin juyi mai yawa. Da tauraron shi kaɗai ne, da juyinsa ne kawai zai ragu. Amma jan nauyin abokinsa ya ɗaure shi, fuska ɗaya yake nuna masa kullum, don haka asarar daga zagayen ake cire ta, tagwayen su ƙara matsowa. Idan aka jera irin waɗannan tagwaye bisa tsawon zagayensu, sai a ga giɓi: kaɗan ne ake samu tsakanin sa'a 2 da sa'a 3. Bayanin da ya fi karɓuwa tun 1983 shi ne, a wajen sa'a 3 cikin jan tauraron yana sauya tsari, birkin maganaɗisun ya yi sanyi, tauraron ya ɗan tsuke, kwararar iska ta tsaya, tagwayen su dushe har sai zagayen ya sauko sa'a 2. Masana na ci gaba da jayayya a kan ƙarfin birkin da yadda yake yankewa, amma jayayyar tasu a kan maganaɗisu na gaske take.

Wani lokaci ma faifan ba ya samuwa sam. A 1976 Santiago Tapia ya gano cewa hasken tauraron AM Herculis yana zuwa a murɗe, alamar maganaɗisu mai tsanani. Filin maganaɗisun duniya kusan rabin gawus ne. Na farin wada irin wannan yana farawa daga wajen gawus miliyan 10, wasu sun haura miliyan 200. Da irin wannan ƙarfi layukan suna cafke iskar tun a hanya, su bi da ita kamar ruwa a indararo zuwa kan farin wadan, inda take faɗawa da gudun dubban kilomita a daƙiƙa, zafinta ya kai digiri miliyan 100. Jan nauyi ne ya ba ta gudun, maganaɗisu ne ya zaɓa mata inda za ta sauka.

Akwai wata hasarar da ta fi ta aji. Intanet cike take da bidiyon masu da'awar cewa lantarki da filasma ne ke tafiyar da sararin samaniya baki ɗaya, jan nauyi kuma ƙaramin abu ne da masana suka kumbura. Suna son jingina da sunan Alfvén. Wanda aka rena a kan cewa abin da ke riƙe da shi a ƙasa maganaɗisu ne, an riga an yi masa rabin huɗubar. Amsar da zai buƙata tana cikin bambancin da aka goge masa: caji iri biyu ne, mai kyau da kishiyarsa, kuma a cikin filasma suna soke juna a ɗan taƙi, shi ya sa babban tauraro ba ya ɗauke da wani cajin kirki. Nauyi kuwa iri ɗaya ne, ba shi da kishiya, tara shi kawai ake yi. Wannan ne ya sa jan nauyi, duk da rauninsa a kan ƙwaya ɗaya, yake mulkin manyan tazarori.

Tagwayen da suka fi raba gardamar su ne PSR J0737−3039, waɗanda aka gano a 2003 da na'urar rediyo ta Parkes a Ostareliya. Dukansu fulsa ne, wato gawawwakin taurari da suka fi farin wada dunƙulewa, masu haska rediyo kamar fitilar da ke juyawa. Ɗaya yana juyi sau 44 a daƙiƙa, ɗayan sau ɗaya a daƙiƙa 2.8, suna zagaya juna cikin sa'a 2.4. Zagayensu yana tsukewa da kusan milimita 7 a kowace rana, saboda igiyoyin jan nauyi da suke fitarwa. A 2021 ƙungiyar da Michael Kramer ya jagoranta ta fitar da awon shekara 16, ya kuma dace da lissafin Einstein da kusan kashi 99.99 cikin ɗari. Babu wani lissafin lantarki da ya taɓa kawo wannan adadi.

Amma a cikin tagwayen nan dai, sau ɗaya a kowane zagaye, mai saurin yana wucewa ta bayan mai nawar, siginarsa ta dushe na kusan daƙiƙa 30. Jikin tauraron faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, ya yi ƙanƙanta ya tare komai na tsawon wannan lokaci. Abin da ke tarewa filasma ne da layukan maganaɗisun mai nawar suka kulle kewaye da shi kamar gammo. Da yake gammon yana juyawa tare da tauraron, siginar tana ƙyaftawa a cikin husufin, tana ɓacewa tana dawowa. Daga yadda salon ƙyaftawar ya riƙa sauyawa shekara bayan shekara, René Breton da abokan aikinsa suka auna a 2008 yadda sandar juyin tauraron take karkata a hankali, kusan digiri 5 a shekara, abin da ka'idar Einstein ta jan nauyi ta riga ta yi hasashensa. Da inuwar maganaɗisu aka auna jan nauyi, kuma a wannan shekarar ce karkatar ta kawar da hasken mai nawar daga saitin duniya, aka daina jin bugunsa.