Laifin Mai Bayani Ne, Ba na Na'ura Ba

An saba ɗora wa ƙirƙirarriyar basira laifi duk lokacin da ta ɓata hasken hoton da aka sa ta tsara. Ban yarda ba. Galibi laifin na wanda ya rubuta mata bayanin kayan aikin ne.

Ku ɗauki Blender, manhajar da ake gina hotuna masu kama da zahiri da ita. Fitilunta iri huɗu ne. Fitilar ɗigo da wat ake auna ƙarfinta, kuma wat 1000 ba abin mamaki ba ne gare ta. Ita kuwa fitilar rana, da wat a kan kowane murabba'in mita ake auna ta, kuma a kan 1 take zuwa. Matsar da ita ma ba ya sauya inuwa. Sai an juya ta.

Tun fitowar ƙa'idar MCP a Nuwamban 2024, na'ura na iya sarrafa irin wannan manhaja, amma jimlolin bayanin take bi. In malalacin marubuci ya ce "ƙarfin haske" ya yi shiru, sai ta zuba wa rana 1000, hoton ya yi fari fat.

Wasu za su ce ai ta riga ta karanta komai game da Blender. To, ku ɗaliban Hausa kun san amsar. Ko wanda ya haddace ƙamus, in aka miƙa masa "gari" tsurarsa, ba jimla ba alamar tsawon wasali, ina zai san ko na tuwo ake nufi ko na zama?