Garin Gyaran Gira: Neman Kamala da Ɗinkin Gida

Hausawa kan ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. Kowa ya yarda da wannan magana a baki, amma idan aka zo kan aikin hannu sai ka iske da yawa daga cikinmu goman muke nema, in kuwa ba za ta samu ba sai mu naɗe hannu. A gidaje da dama na Samaru da Sabon Gari, har da ɗakunan kwanan ɗalibai, ba a rasa wani ƙunshi ko akwati inda ake tara kayan da suka sami ɗan lahani: rigar makaranta wadda maɓallinta ya fita, wandon da ya ɓarke, jakar littattafai mai tsinkakken hannu, gidan sauron da ƙusa ta yaga. Zare da allura suna nan, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma in ka tambayi mai kayan abin da ya hana shi ɗinkewa, amsar da ka fi ji ita ce, "Ban iya ba, kada in ɓata." Haka kayan za su yi ta jira har ɓarakar ta faɗaɗa, ko rigar ta yi wa yaron kaɗan.

Ra'ayin da nake so in gabatar wa ɗalibai da malamansu shi ne, wannan tsoro na ɓatawa ya fi ɓatawar kanta hasara. Ma'aunin gyaran gida shi ne ya riƙe, ya yi amfani, a kuma yi shi a kan kari. Kyan gani daga baya yake zuwa, yawan yi ne ke kawo shi. Hujjata kuwa daga ilmin halittu zan ɗebo ta, domin nan ne fagena.

Mu fara da fatar jikinmu. Idan wuƙa ta yanki mutum, jiki ba ya tsayawa shirin yin gyara mai kyan gani. Cikin 'yan mintoci jini zai daskare a bakin raunin, wasu zarurruka sirara su sarƙe su toshe wurin. Wannan faci ne na wucin gadi, mummuna, amma shi ke tsayar da zubar jini, ya tare ƙwayoyin cuta. Bayan haka ne ƙwayoyin halitta za su shiga saƙa wani zare na furotin da ake kira kolajen, su yi ta shimfiɗawa suna warwarewa suna sakewa har tsawon watanni. Duk da wannan wahala, tabon da ya rage ba ya wuce kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali, gashi ba ya tsiro a kansa, gumi ba ya fita ta wurin. Amma da wannan tabon mutum zai yi noma, ya yi sallah, ya tsufa. Da a ce jiki zai jira sai ya iya mayar da fata daidai yadda take, da mai rauni ya mutu kafin a soma aikin.

Haka abin yake a can cikin ƙwayar halitta. Sinadarin gado da ake kira DNA yana ɗauke da haruffa wajen biliyan 3 a kowane kwafi na ɗan Adam, kuma duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu sai an kwafe su. Na'urar da ke kwafin tana yin kuskure, kimanin ɗaya cikin haruffa dubu 100. Abin da ya cece mu shi ne akwai masu bin baya suna dubawa, suna farke inda aka yi ba daidai ba suna sake ɗinkewa, har kuskuren ya ragu zuwa kimanin ɗaya cikin biliyan. A kan gano irin waɗannan hanyoyi na gyara ne aka ba Tomas Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel ta ilmin sinadarai a shekarar 2015. Duk da haka kuskure bai ƙare ƙaƙaf ba, domin kowane jariri yana zuwa duniya da sauye-sauye wajen 60 a haruffansa waɗanda babu su a na uwa ko na uba. Wato rayuwa kanta a kan yi, a duba, a gyara take tafiya.

Ko zaren da ke cikin allura yana da abin da zai koya mana. A nan Samaru aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma auduga tana cikin amfanin gonar da ta daɗe tana bincike a kai, har nau'o'in irin da ta fitar suna ɗauke da sunan Samcot. Duk ɗalibin da ya sa gashin auduga a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu zai ga cewa kowane sili ƙwayar halitta ɗaya ce tak da ta tsiro a jikin angurya, tsawonta santimita 2 zuwa 3, a murɗe, kuma babu biyu da suka yi daidai da juna. Wannan murɗewar ce ke taimaka wa silin su kama juna idan aka kaɗa su. Daga gajerun sili marasa daidaito ake samun zaren da zai riƙe riga shekara da shekaru.

To, daga ina muka samo wannan ido da ba ya yarda da karkataccen ɗinki? Kaso mai yawa na amsar yana wurin keken ɗinki. Elias Howe ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851. Keken yana aiki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙe juna a tsakiyar ƙyalle, kuma yana jan ƙyallen da taku ɗaya kowane lokaci. Saboda haka ɗinkinsa a jere yake kamar haƙoran matsefi. Yau tun daga yadin da tela ya ɗinka a kasuwar Sabon Gari har zuwa rigar gwanjo, duk ɗinkin inji ne, idonmu ya saba da shi, har ya ɗauka shi kaɗai ne ɗinki. Sannan ga hotunan Facebook da Instagram da TikTok, inda ake nuna aikin da aka gama, ba a nuna sau nawa aka farke. Ɗan koyo sai ya gwada ɗinkinsa na farko da aikin inji da na gwanaye, ya ji kunya, ya ajiye allura.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wannan ɗabi'a. Paul Hewitt da Gordon Flett sun kasa ta gida uku a 1991: akwai mai neman kamala daga kansa, akwai mai nemanta daga wasu, akwai kuma wanda yake jin jama'a ne ke nemanta daga gare shi. A 2019 Thomas Curran da Andrew Hill suka buga nazarin bayanan ɗalibai sama da 40,000 na manyan makarantun Amurka da Kanada da Birtaniya, daga 1989 zuwa 2016. Suka iske duka ukun sun ƙaru, kuma na ukun ya fi sauran hauhawa. Wannan na ukun shi muke kira "me mutane za su ce", kuma bincike ya danganta shi da damuwa da fargaba. Malamai sun san shi a aji: ɗalibin da ya ƙi zana hoton ƙwayar halitta don kada a yi masa dariya, ko wanda ya bar tambaya babu amsa a jarrabawa don bai tabbatar da kowace kalma ba. Ɗan'uwan mai ƙunshin tsumma ne.

Na san wani zai ce, "Malam, ashe sakaci kake koya wa yara? A ƙasar Zazzau, inda ake kwashe watanni ana aikin babbar riga ɗaya, aska biyu ko aska takwas, ba a yarda zare ɗaya ya kauce?" Wannan ƙorafi yana da nauyi, kuma addini ma ya hore mu da kyautata aiki. Amma a tambayi kowane maɗinki na cikin birni yadda ya kai ga wannan matsayi. Ba da babbar riga ya fara ba. Da guntun ƙyalle ya fara, ya ɓata, maigidansa ya farke, ya sake. Da rarrafe yaro kan tashi. Har tsuntsu haka yake. Nicholas Collias da Elsie Collias, waɗanda suka yi nazarin tsuntsun nan mai ruwan ƙwai da ke saƙa sheƙa a rassan itatuwa, sun nuna a 1964 cewa sheƙar da ƙananan maza ke saƙawa sako-sako ce, ba ta kai ta manya tsari ba, sai da yawan gwaji take ƙara kyau. Mai kyautata aiki yana kallon aikin, ya ga aibinsa, ya gyara. Mai neman kamala kansa yake kallo, yana tsoron a ga aibinsa. Na farko yana ƙaruwa kullum, na biyu yana nan inda yake.

Sa'an nan a tuna, kakanninmu ba su ɗauki gyara abin kunya ba. Gyartai sana'a ce sukutum: ƙwarya ta fashe, a huda, a ɗinke, ɗinkin yana bayyane kowa na gani, ta koma aikinta. Baduku yana yi wa takalmi da jaka haka, telan nan mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi shi ma haka. Babu mai cewa ƙwaryar da aka ɗinke ta zubar da mutuncin gida.

Amma kada a fahimce ni a baibai. Ba kowane gyara ne ke karɓar "da babu gara ba daɗi" ba. Tambayar da ya kamata ɗalibin kimiyya ya yi kafin ya sa hannu ita ce: idan gyaran nan ya saki, me zai faru? Idan kalmasar wando ta warware, sai a sake ɗinkewa, iyakar hasarar ke nan. Idan kuwa wayar lantarki ce, ko tukunyar gas, ko birkin babur, sakinsa rai ne, don haka a kai wa wanda ya ƙware. Akwai kuma gyaran da jinkirinsa ne haɗarin. Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Ƙaramar ɓula a gidan sauro, in aka ƙyale ta, faɗaɗa take yi. A ɗinke ta yau, ko a ƙulle ta da zare, komai muninsa. Sauro ba ya duba kyan ɗinki, ƙofa yake nema.

Saboda haka ina da shawara ga malamai. A darasin kula da gida, kada a ce sai ɗinki ya yi santsi kafin a ba da maki. A sa ɗalibai su mayar da shi gwajin kimiyya: su ɗinke guntayen ƙyalle iri ɗaya, wani da tazara mai faɗi, wani a matse, wani da zare ɗaya, wani da ninki biyu, sa'an nan su rataya nauyi suna ƙarawa har ɗinkin ya saki, su rubuta sakamakon. Za su gani da idonsu abin da ke sa ɗinki ya yi ƙarko, su kuma gane cewa sakin ɗinki bayani ne da ake ƙaruwa da shi. A sa 'yan maza a ciki, domin a ƙasar nan tun asali maza suna cikin manyan masu riƙe da allura. Iyaye kuma, idan yaro ya ɗinke maɓallinsa da kansa, a fara da yaba masa kafin a nuna masa inda ya karkace.

Ku kuma ɗalibai, ku tuna da abin da magabata suka ce, garin gyaran gira ake rasa ido. Ku buɗe ƙunshin nan a ƙarshen makon nan, ku zaɓi abu ɗaya, ku ɗinke, ku sa. Na farko zai karkace, na biyar zai fi shi, na hamsin sai a tambaye ku wa ya koya muku. Cikakkiyar kamala ta Allah ce Shi kaɗai. Abin da aka ɗora mana shi ne mu yi iyakar ƙoƙarinmu a kan kari, mu duba, mu gyara. Allah Ya sa mu dace.